Sadisu Ɗan Haya a Gidan Ubansa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu albashi da masu jiran kaka.

Ta zo mu ji ta, in ba a zaftare ta a hanya ba.

A garin Batsari an yi wani mutum mai suna Sadisu, masinja a wani ofishin gwamnati. Aikinsa ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da sayo wa manya goro da ruwan sanyi. Amma in ka same shi da yamma a teburin mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse shi ke riƙe da jihar. Yakan ce babu takardar da ke shiga ofis ba ta bi ta hammatarsa ba, saboda haka abin da hammatarsa ta sani na sirrin mulki, kan wani darakta bai san shi ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Na-Gwamnati, kuma yana amsawa har da gyara hula.

Abin hannunsa ba shi da yawa. Akwai gidan ƙasa da ya gada wurin mahaifinsa, zaure da ɗaki uku da bishiyar bedi a tsakar gida. Akwai jan babur da ya samu ta hannun ƙungiyar ma'aikata. Ranar da aka raba baburan, ya sa hannu inda aka nuna masa, ya hau ya taho gida yana ta danna oda, yana faɗa wa mutane gwamnati ce ta ga ƙoƙarinsa. Sai kuma abin da ya fi waɗannan duka, ko da yake shi bai sani ba, wato matarsa Bara'atu, mutuniyar Safana, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mace ce mai ƙarancin magana, amma abin da aka faɗa a gabanta ba ya ɓacewa.

Baƙin cikin Sadisu ɗaya ne. Duk ƙarshen wata in albashi ya shigo waya, sai ya ga ya zo da giɓi. Shi kuwa duk abin da aka cire, sunansa haraji. Maƙwabcinsa Bulus, malamin asibiti ne da ke haya a bayan gidansu, ya sha ce masa ya kawo takardar albashin su duba tare su ga me ake cirewa. Sadisu yakan dafe aljihu ya ce wannan takarda sirrin gwamnati ce, ba katin awon ciki ba ce da za a riƙa nuna wa malaman asibiti.

Ana nan, wata ranar damina, sai rediyon mai shayi ya kawo bayanin sabuwar dokar haraji. Mai bayanin ya ce ma'aikacin da ke zaman haya za a yi masa rangwame, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hayarsa, har zuwa naira dubu ɗari biyar. Yana shirin ci gaba Sadisu ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya ce sauran bayanin na waɗanda ba su san aikin ofis ba ne. Ya dubi jama'a ya sanar da su cewa gwamnati ta ji kunya, za ta mayar masa da kuɗinsa, dubu ɗari biyar lakadan.

Bulus ya ajiye kofinsa ya ce, “Na-Gwamnati, ai kai ba haya kake ba. A gidan nan aka yanke maka cibi.”

“Wannan ƙaramin abu ne,” in ji Sadisu. “Wanda ya iya shigar da fayil ya iya fitar da shi.”

Ya isa gida ya tarar da Bara'atu tana matsar tunkuza. Ya tsuguna ya zayyana mata dabararsa: za a rubuta takarda cewa gidan nata ne, shi kuma ɗan haya ne, ita dai ta dangwala yatsa. Bara'atu ta ci gaba da matsa har mai ya taru, sannan ta ce ita ba ta dangwala yatsa a kan ƙarya, in gidan nata ne to nata ne, in ba nata ba ne a bar ta da gyaɗarta. Sadisu ya yi dariya ya ce in wannan ce matsalar ai sai ya ba ta kyauta, tuwona maina, wa ya ci riba wa ya faɗi? Ta ce ya je ya kwana da maganar tukuna. Ya ce dabara irin tasa ba ta kwana, tsami take yi.

A ranar nan bayan la'asar ya tara shaidu a zaure, Liman Tayyib da Bulus da dattawan unguwa. Liman ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ja masa kunne cewa kyauta in ta fita baki gaban shaidu ba ta komawa, kuma mai komawa kan kyautarsa an kwatanta shi da kare mai komawa kan amansa. Sadisu ya ce shi ba kare ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Liman ya sake tambayarsa ko da wanda ya tilasta shi. Ya ce a duk faɗin Batsari wa ya isa? Liman ya ce to, tun da gidan da yake ciki ne zai bai wa matarsa, sai ya kwashe kayansa ya fita, ya miƙa mata makulli, kowa ya ga gida ya koma hannunta.

Haka aka yi. Sadisu ya fito da katifa da akwatin ƙarfe da buta da hoton da ya ɗauka a bayan wani kwamishina, inda kunnensa da gefen hularsa kawai suka fito. Ya jibge su a bakin titi, ya miƙa makulli ta bayan labule. Bai gama gyara tsayuwa ba hadari ya taso daga gabas. Ya juya zai koma zaure, Liman, wanda shi yana daga ciki, ya ce ba a shiga gidan mutane sai da izini. Kafin Bara'atu ta gama kwashe shanyarta ta zo ta ba da izinin, katifa ta sha ruwa ta ƙoshi.

Unguwa kuwa ta cika. Gwaggo Fanta, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ta zo da faifai a ka, ta dubi Sadisu da kayansa, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin namiji ya yi yaji ba sai yau. Ta kutsa cikin gida bikonsa, ana jiyo ta tana roƙon Bara'atu ta yi haƙuri ta mayar da shi, ko ba komai ya iya cefane.

Da ruwa ya tsagaita, Sadisu ya tsaya a ƙofar gidan da aka haife shi ya yi sallama, ya ce baƙo ne yana neman haya. Bara'atu ta amsa daga bayan labule, ta tambayi sana'arsa da ko yana da yawan baƙi. Sannan ta ce kuɗin hayar gida irin wannan a unguwar nan dubu sittin ne a shekara.

To, Sadisu ya riga ya ari wayar Bulus ya buga lissafi. In kashi ɗaya cikin biyar ake bayarwa, kuma shi dubu ɗari biyar yake so cif, dole haya ta kai miliyan biyu da rabi. Don haka ya murtuke fuska.

“Albarka,” in ji shi.

“Malam, ni ce mai gida. Ni ke cewa albarka.”

“Dubu sittin? Gidan ubana za ki wulaƙanta?”

“To, dubu ɗari.”

“Albarka.”

“Ɗakin tsakiya fa yana yoyo.”

“Yoyon ma na gado ne. Ƙara.”

Haka aka yi ta ciniki a juye, ɗan haya na hawa, mai gida na ja da baya, dattawa na bin su da ido kamar masu kallon dambe. Da aka kai miliyan biyu da rabi Bara'atu ta ce ta sallama, amma shaidu su ji, abin da aka rubuta shi za a biya, wata-wata. Liman ya tambayi Sadisu ko ya yarda. Sadisu ya ƙifta wa labule ido ya ce ya yarda. Labule dai ba ya ƙifta ido.

Wata ya ƙare. Bara'atu ta kawo masa tuwo, ta zauna gefe har ya side kwano, sannan ta ce mai gida tana gaishe da ɗan haya, ta ce a tuna masa wata ya mutu. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Da ya ga ita ba ta yi ba, ya fita neman shawara. Bulus ya ce shi dai abin da ya sani, mutanen haraji ba sa karɓar labari, sai sun ga shaidar biya ta banki. Sadisu ya ce wannan ai shi ya fara saninsa, gwada Bulus yake yi. Ranar kasuwa ya tura jan babur ya sayar wa wani ɗan acaba mutumin Yasore, ya tsaya wurin mai POS ya tura wa Bara'atu hayar wata, ya karɓi 'yar takardar shaida ya soke a cikin hula. Ya taho gida a ƙasa yana murmushi, don a ransa kuɗin na jiransa ƙarƙashin matashi.

Abin da ya tarar bayan kwana biyu shi ne injin markaɗe, sabo fil, an girke shi a tsakiyar zaure, daidai inda yake shimfiɗa buzunsa yana karɓar baƙi. Ya shiga ciki yana huci ya tambayi ina kuɗinsa.

Bara'atu ta ce, “Wane kuɗi, Malam? Na haya? Ai gidana ne ya haifi inji.”

Daga ranar, da an sallame sallar asuba inji zai tashi, matan unguwa su yi layi da bokitan wake da gero. Sadisu sai ya ratsa ta tsakaninsu yana neman gafara, ya fita da feshin ƙullu a babbar riga, ya kama hanyar ofis a ƙafa. Ya fara makara. Shugabansa ya ba shi takardar gargaɗi, kuma da yake shi ne masinja, shi aka ba ya kai wa kansa, ya sa hannu ya karɓa.

Labarin miliyan biyu da rabi kuwa ya zaga gari. Masu gidajen haya suka ce in gidan ƙasa mai yoyo ya kai haka, su da ke da bulo da kwano me suke jira? Mai gidan Bulus ya ninka masa haya. Wani tela da wasu malaman makaranta biyu suka samu irin wannan saƙo. Matan unguwa kuma, da suke haɗuwa a layin markaɗe, suka koma gida da sabuwar magana, kowace tana tambayar mijinta shi me ya hana shi son ta irin son da Na-Gwamnati ke wa Bara'atu. Wani mahauci ya ce sati guda ke nan ba a sa masa gishiri daidai a miya ba.

Da Sadisu ya je teburin mai shayi, sai ya ga benci ya yi masa faɗi, kowa ya matsa. Mai shayi ya haɗa masa da madara da ƙwai ba tare da ya tambaya ba, ya ce mai hayar miliyoyi ba ya shan baƙin shayi, kuma ba ya cin bashi. Bulus ya ce shi ba ya faɗa da maƙwabci, amma yana so a gaya masa inda zai samo ƙarin haya. Sadisu ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. In kuɗi suka fito, ƙarin hayar Bulus a wuyansa, tela zai samu sabon keke, mahauci kuma za a sayi sa guda a hannunsa a yi wa unguwa walima. Nan take benci ya sake cika.

Wata na biyu ya mutu, babu babur na sayarwa. Sadisu ya kawo abin da ya samu. Bara'atu ta juya kuɗin ta ce a farashin da shi da bakinsa ya yanka, wannan bai fi na ɗaki ɗaya ba, kuma ba babban ba. Ta mayar da shi ƙaramin ɗakin da ke jikin turken awaki. Sauran biyun, ɗaya nata, ɗaya ta sa ƙanenta Rabi'u, wanda ya taso daga Runka da iyalinsa saboda noman can ya zama sai da kasada. Rabi'u mutum ne mai ladabi. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe da Sadisu, ya tambayi gajiya da kwanan iyali, sannan ya tuna masa cewa yau shi ke da sharar kwata, don mai gida ta raba wa 'yan haya kwana.

Sadisu ya kai ƙara wurin Liman, ya ce shi fa miji ne, yana da haƙƙi. Liman Tayyib ya ce ƙwarai kuwa, kuma cikin abin da ke wuyan miji akwai bai wa matarsa wurin zama. Tun da ita ta zaunar da kanta, ta ma rage masa nauyi, kamata ya yi ya gode. In kuma zaman bai yi masa ba, yana iya kama wani gidan ya ɗauke ta, sai dai ya sani haya ta yi tsada a unguwar nan kwanan nan, ba a san dalili ba.

Ana cikin haka sai aka yi shela cewa jami'an haraji za su zo Safana taron wayar da kai, duk mai tambaya ya zo. Sadisu ya ce tambaya ta jahilai ce, shi karɓa za shi. Ya ɗauki shatar a-kori-kura bashi. Ya ɗauko mai kalangu da maroƙi, su ma sai an dawo. Ya sayi buhu biyu sababbi, ya ce ɗaya na kuɗi, ɗaya ko da canji. Har wurin 'yan sintiri ya je neman rakiya saboda hanya, suka ce in ya karɓo ya kira su. Ranar tafiya duk wanda aka yi wa alkawari ya hau, Bulus da tela da mahauci, har Gwaggo Fanta da ta ce ba za a ba ta labari ba. Bara'atu ta ce za ta bi su ta gaida danginta. Direba ya buɗe mata gaba, ya ce mai gida ba ta hawa baya. Sadisu ya hau baya da buhunansa, ya ce dama ya fi son iska.

Suka isa Safana da kiɗa. An kafa rumfa, jama'a sun cika, ga lasifika. Mai bayani wata jami'a ce da ake kira Madam Mary, 'yar ƙasar nan ce, Hausa a bakinta kamar ta tsohuwar kasuwa. Maroƙi ya shiga gaba yana kirari, yana cewa ga Na-Gwamnati, bedin tsakar gida sha kallo, mai hayar da ta gagari 'yan kasuwa. Sadisu ya karɓe abin magana daga hannun wani dattijo da ke tsakiyar tambaya, ya gaida manya da ƙanana, ya gabatar da kansa a matsayin abokin aiki, ya ciro takardar haya da shaidar banki daga hula, ya shimfiɗa buhu a kan tebur. Ya ce in da hali a ba shi 'yan dubu-dubu, sun fi sauƙin ƙirga.

Madam Mary ta duba takardun, ta dubi buhun, ta dube shi. Ta yi bayani a hankali cewa rangwamen haya gaskiya ne, amma ba kuɗi ake miƙa wa mutum ba. Ana rage shi ne daga adadin da za a yanka wa haraji, sai abin da ake cire wa mutum ya ragu. In kuma an taɓa cire masa fiye da ƙima, wannan ne ake nema a mayar. Ta ce ya kawo takardar albashinsa a ga nawa ake cire masa.

Sadisu ya ciro ta daga aljihun ciki, ya miƙa da hannu biyu. Ta karanta, ta kashe abin magana, ta ce ya zo gefe su yi magana. Ya ce a'a, a kunna, a karanta da ƙarfi, akwai mahassada a wurin nan da suka daɗe suna son ganin takardar nan, yau su ji da kunnensu irin zaluncin da ya jure. Ta sake ba shi shawara, ya kunna mata da kansa.

Ta karanta. Na farko kuɗin fansho ne, ajiyarsa ce ta tsufa. Na biyu kuɗin ƙungiya. Na uku, wanda ya fi su girma, bashin babur.

“Sai haraji,” in ji Sadisu.

“Babu haraji, Malam.”

“Duba da kyau, 'yar'uwa. Wataƙila ya koma baya.”

“Bayan fari ne. Albashinka bai kai inda haraji ke farawa ba. Ko kwabo ba a cire maka.”

“To, a mayar mini da wanda ba a cire ɗin.”

Mutanen Safana suka kwashe da dariya, na Batsari ba su yi ba, don su da abin da suke jira. Bulus ya matso ya tambaya cikin ladabi, wane babur ne ake cire wa kuɗi? Madam Mary ta ce wanda mai takardar ya karɓa ta hannun ƙungiya, kuma bisa abin da ke rubuce, da sauran tafiya kafin a gama biya. Mahauci ya ce wato jan nan da gwamnati ta ba shi don ta ga ƙoƙarinsa? Tela ya ce shi ne, jiya ma ya gan shi a hanyar Yasore ɗauke da buhun gawayi da akuya. Mai kalangu ya sassauta kiɗa ya tambayi direba wa zai biya su. Maroƙi kuwa, da yake ya san aikinsa, bai ko tsaya haɗiye yawu ba ya juya wajen mota, ya ɗora da cewa ga Bara'atu ta Safana, mai gida mai inji, wadda ta saya ba da kuɗi ba.

Wannan kirari ne ya tunzura Sadisu. Ya sake damƙar abin magana ya ce tun da haka ne yana da rahoto. Ga mai gida can a mota, tana karɓar hayar miliyoyi, a kama ta da haraji. Madam Mary ta ce kuɗin haya kam kuɗin shiga ne, ana duba shi. Bara'atu ta sauko, ta gyara mayafi, ta gaida jami'ar har da tambayar mutanen gida. Ta ce ita dubu sittin ta yanka tun farko, ɗan hayar ne ya yi ta cewa albarka, ga shaidu nan. In an yarda, a gaban jama'a ta mayar da haya dubu sittin. Bulus da tela suka ce sun shaida, kuma za su kai wa masu gidajensu labari tun kafin su cire takalmi. Sadisu ya buɗe baki, Gwaggo Fanta ta ce in ya kuskura ya ce albarka za ta rufe shi da faifai.

Sannan Bara'atu ta ce tana da tambaya ɗaya. Ita gwamnati, yaya take yi ma'aikata ba sa ce mata a yi haƙuri sai wani watan? Madam Mary ta ce ai ba ta jira kuɗi su shiga hannunsu, tun daga tushe take cire nata, saura ya isa ga mai shi. Bara'atu ta jinjina kai ta ce Allah ya ƙara ilimi, yau ba ta zo Safana a banza ba.

A hanyar komawa babu kiɗa. Buhu ɗaya direba ya riƙe, ɗayan Bara'atu ta cika shi da gyaɗar da ta saya, aka ba Sadisu ya zauna a kai kada ya faɗi. Da suka isa gida ya bi ta har gindin bedi, ya sassauta murya, ya kira ta da sunan da bai kira ta da shi ba tun suna amarci. Ya ce shi ba zai koma kan kyautarsa ba, amma ai ita ba a hana ta yin tata kyautar ba.

Bara'atu ta ce, “Malam, gidan da aka bayar saboda rabin labarin rediyo, gobe za a bayar da shi saboda saƙon waya. Babanka ya sha wahala kafin ya gina shi. Bari ya zauna inda ba a kashe rediyo.”

Ta dai mayar da shi babban ɗaki, ta sa aka gyara yoyon, ta cire sunansa daga sharar kwata. Amma duk ƙarshen wata, da wayarsa ta yi ƙara, zai ɗaga kai ya ga Bara'atu da mayafinta, ta raka shi wurin mai POS. A nan za a cire haya, a cire na direba da mai kalangu da maroƙi, a cire na cefane, sannan a miƙa masa saura ya sa a aljihu ya gyara hula.

Kada ku ce ya daina zuwa teburin mai shayi. Yana nan, ƙafa ɗaya kan ɗaya, baƙin shayi a hannu. Yanzu abin da yake faɗa shi ne, a duk ma'aikatan Batsari shi kaɗai ne gwamnati ke jin nauyin taɓa wa albashi, kuma an tabbatar da haka a lasifika gaban mutanen ƙananan hukumomi biyu. Ran nan ma ya dawo gida yana wannan bayani, aka kawo masa tuwo da miyar kuka, ya laluba ya ji tsoka ɗaya maimakon biyun da ya saba. Ya tambayi ina ɗayar. Bara'atu, daga bakin murhu, tana tauna, ta ce an cire daga tushe.

Ƙurunƙus kan kusu. Da har da wutsiyarsa zan kawo muku, to ita ma an cire ta tun kafin ta iso hannuna.